Kwana Uku Ban Hura Wuta Ba

A Agege aka haife ni, a nan aka yi min aure, a nan na haifi 'ya'yana uku. Goro ne ya kawo kakana Ikko, tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar huhunan goro daga tashar Agege zuwa Kano. Duk da haka, in aka tambaye ni sau nawa na tsaya a gaban teku, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni ƙirge. 'Yan uwanmu na Arewa suna ɗauka duk mazaunin Legas da ƙarar teku yake kwana. Mu a Agege odar motocin danfo da jiniyar jirgin ƙasa ne a kunnenmu, teku kuwa tana can wata duniya.

Abin da nake tunawa shi ne Bar Beach. Muna yara, marigayi Baba yakan kwashe mu ranar yawon Sallah, mu shimfiɗa tabarma a kan yashi, mu buɗe kular shinkafar da Inna ta tashi tun asuba ta dafa. Samarin Hausawa masu dawaki suna ɗora yara suna zagayawa da su. Yanzu babu Bar Beach, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic a kai. Bakin tekun da ya rage kusan duk an katange, sai ka biya a ƙofa, wasu wuraren ma in ka zo da abincinka sai ka biya kuɗin shigar da shi. Da na girma ne na lura da wani abu game da waccan ranar: Inna ba ta taɓa sa ƙafarta a ruwa ba. Tana gindin kula tana rabon abinci, tana tsaron takalma.

Wata mata da nake yi wa ɗinki ce ta fara ba ni labarin tsarin da ake biya sau ɗaya a gama. Ta je Sharm el-Sheikh a Masar da iyalinta, ta ce ɗaki da abinci sau uku da abin sha da wasan yara duk a kuɗi ɗaya suke, ba ka sake taɓa aljihu. Ta ce a Legas ma akwai wurare a gefen Ibeju-Lekki da ke yin irin wannan ga mai son kwana. Abin da ya tsaya min a rai cikin labarinta ba teku ba ne, ba ɗaki mai sanyi ba ne. Cewa ta yi kwana biyar ba ta leƙa kicin ba.

Shekarata goma sha shida da aure. Ko Kano muka tafi ganin gida, daga wannan murhu ne na koma wancan. Da na ɗauki adashina a Nuwamba, na kawo rabi na ajiye a gaban mijina Abban Ummi na ce ya cika. Dillalin shanu ne a abbatuwar Oko-Oba, mutum ne mai lissafi, ya juya kuɗin ya ce wannan ai cefanen wata biyu ne. Na ce na sani. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce to.

Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo daga Funtuwa duba ido, an yi mata aiki, tana wajenmu tana jinya. Da ta ji labari ta ce almubazzaranci ne. “A bar gida da ɗakuna, a je a sayi wurin kwana? A bar abinci a tukunya, a je a sayi na wasu?” Ban musa mata ba, ba a musu da suruka. Auta ne ya yi min aikin. Ya haye cinyarta ya ce in ba ta zuwa shi ma ba ya zuwa. Ta ce, “To maigidana, tunda ka ce, ai sai in bi ka.”

Mun zaɓi tsakiyar mako, Talata zuwa Juma'a, kafin hayaniyar Kirsimeti ta taso, don a ƙarshen Disamba kuɗin irin waɗannan wurare tashi yake yi, kiɗa kuma ba ya barin mutum ya runtsa. Mota Sienna muka yi shata, muka fita ana sallame sallar asuba. Duk wanda ya san hanyar Lekki zuwa Epe ya san in rana ta fito ta same ka kafin ka wuce Ajah, ka shiga gosulo ke nan.

A kan gadar Third Mainland gari ya fara wayewa. Kilomita 11.8 ce, a 1990 Janar Babangida ya buɗe ta, kuma na bi ta ba adadi ba tare da na ɗaga kai daga waya ba. Ranar sai na kalle ta da idon Hajiya. Hazo ya kwanta a kan ruwa, gidajen katakon Makoko suna tsaye a kan sanduna, hayaƙin bandar kifi yana tashi, yara ƙanana suna tuƙa kwale-kwale. Hajiya ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu tana salati. Ta ce, “Wannan ce tekun?” Abban Ummi ya ce, “A'a Hajiya, wannan lagun ne, ruwan kwance. Tekun tana gaba.” Ba ta sake magana ba sai da muka sauka.

Lekki, Ajah, Sangotedo, Awoyaya, duk gidaje da shaguna da manyan motoci. A mahaɗar Eleko muka yi dama muka gangara hanyar gaɓa. Can gaba matatar man Dangote ta bayyana, tankuna da bututai iya ganinka. Abban Ummi ya sa direba ya rage gudu, ya juyo yana yi wa yara bayani: a watan Mayun 2023 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ita, ganga 650,000 aka gina ta ta tace a rana, ga kuma sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki a kusa. A bakin titi muka ga masu shayi da masu rake da direbobi suna alwala da buta a gindin tireloli, kai ka ce Kwanar Ɗangora ce. Bayan nan hanya ta tsuke, bishiyoyin kwakwa suka rufe mu hagu da dama, iska ta canza wari.

A teburin karɓar baƙi aka ɗaura wa kowa wani abin hannu na roba, shi ne shaidar ka biya. Da yarinyar da ke ɗaurawa ta zo kan Hajiya, sai Hajiya ta janye hannunta ta dube ni. “'Yar nan, tambaye ta, ana cirewa? Yaya zan yi alwala ruwa bai taɓa wurin ba?” Na yi wa yarinyar bayani da Yarbanci. Ta ce in an cire ya lalace, amma za ta ɗaura shi sakwa-sakwa. Ta ɗaura, Hajiya ta zura yatsa a ƙarƙashi, ta murza shi sama ta murza ƙasa, ta tabbatar ruwa zai ratsa, sannan ta gyaɗa kai. Mu ma duk aka sassauta mana.

Ɗakuna biyu manne da juna muka biya wa, aka ba mu biyu masu nisa, ɗaya ma a saman bene. Da tsohuwa mai sabon aikin ido ba zai yiwu ba. Mun fi awa guda a zaune kan kayanmu kafin a gyara, kuma ba wanda ya ba mu haƙuri sai mai ɗaukar kaya. Masallaci babu, alamar alƙibla babu. Sa'a mun zo da butocinmu da dardumai. Waya ta nuna mana gabas ɗin salla ya karkata arewa, don haka in ka tsaya, teku tana hannun damanka tana ta ruri har ka sallame.

Hajiya ba ta yarda an je bakin ruwa ba sai da aka yi azahar. Na riƙe mata hannu muka ratsa yashi mai zafi, ƙafa tana nutsewa. Da muka haura ɗan tudun ƙarshe sai ga teku, ba tsallake, ba ƙarshe, ruwa ya tafi ya haɗe da hazo. Igiyar ruwa takan taso ta fi mutum tsayi, ta naɗe, ta faɗi da ƙara kamar an kifar da tirelar tsakuwa, farin kumfa ya sheƙo har ƙafafunmu. Hajiya ta saki hannuna. Ta sunkuya ta dangwali ruwan da yatsa ta kai baki. Ta tsaya shiru, sannan ta ce, “Ashe da gaske gishiri ne.” Shekara saba'in da wani abu tana jin malamai suna karanta ayar ruwaye biyu, mai daɗi da mai zartsi, da shamakin da Allah ya sa a tsakaninsu. Ga lagun a bayanmu, ga teku a gabanmu, mu muna tsaye a kan siririn yashin da ya raba su. Na ga hawaye yana bin ƙarƙashin baƙin tabaran da likita ya ba ta. Ban ce komai ba, na gyara mata mayafi da iska ke fizga.

Tekun Legas ba ta wasa ba ce, wannan duk mai yara ya riƙe. Jar tuta ce, alamar haɗari, a kafe duk kwanakin da muka yi. Ɗan farina, wanda ya ga ya fara tsawo, ya shiga iya gwiwa. Ruwan da ya bugi gaɓa yana komawa sai ya ƙwaƙule yashin ƙarƙashin ƙafarsa, ya zube, na biyu ya zo ya rufe shi. Kafin in buɗe baki mai ceto ya busa usur ya damƙo shi ta ƙugu. Daga baya mutumin ya zaunar da mu ya nuna mana da yatsa wani wuri da ruwan ya yi duhu ya lafa, ba kumfa. Ya ce nan ne ya fi kisa, don ta nan ruwan da ya taru a gaɓa yake komawa ciki da gudu, baƙo kuwa yana ganin ya lafa sai ya zaɓe shi. In ya ja mutum kada ya yi kokawa da shi ya nufo gaɓa kai tsaye, gajiya zai yi. Ya yi iyo ta gefe har ya fita daga hanyarsa. Daga ranar, teku ta kallo ce da jiƙa ƙafa. Wanka sai a tafkin ninkaya.

Can ma sai da aka yi magana. Ummi shekararta goma sha ɗaya, ba zan bar ta ta shiga ruwa da irin kayan da na ga wasu yara sun sa ba. Na ɗinka mata doguwar riga da wando da hula na yadin roba mai saurin bushewa. Mai kula da wurin ya fara cewa ba a shiga da kayan gida. Na ba shi ya taɓa yadin, ya ga ba auduga ba ce, ya ƙyale. Da ban shirya ba, da yarinyar ta yi kwana uku a bakin ruwa tana kallon 'yan uwanta maza.

Maganar abinci kuwa, mutumin da ya yi shekara ashirin a abbatuwa ba ya cin naman da bai san wanda ya yanka ba. Daren farko Abban Ummi ya zagaya kwanukan da aka jera, ya buɗe wannan ya rufe, ya buɗe wancan ya rufe. Sai ƙamshin ƙuli da yaji ya ja shi bayan rumfa, ya tarar da mai tsire, Basakkwace, yana juya tsinke. Suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna. Mutumin ya zo har teburinmu ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya ce, “Inna, ku ci hankali kwance. Ragon nan da kajin ni na yanka da hannuna. Sosej ɗin safe ne kawai kada yara su taɓa, akwai na alade a ciki, kuma cokali ɗaya ake ɗiba da shi.” Babu rubutu a jikin kwanon da zai gaya maka haka. Wannan sakaci ne, a garin da Musulmi suke da yawa kamar Legas, kuma na faɗa wa manajan kafin mu tafi.

Sauran kuwa sai hamdala. Gasasshen kifi da aka kamo a ranar, farfesu, dafa-duka, soyayyar ayaba, jatan lande, ƙaguwa da yara suka yi ta fama da ɓawonta. Mutanen yankin Ijebu ne, har ikokore suka yi, faten wata doya mai yauƙi da ake gurzawa a dafa da manja da busasshen kifi. Hajiya ta ɗanɗana ta ce da ɗan daddawa da ya fi haka. Abin da ya tsaya min shi ne giya tana cikin kuɗin. Na tambaya tun a waya ko akwai farashin waɗanda ba sa sha, aka ce kuɗi ɗaya ne. Mu zoɓo da ruwan kwakwa muka sha, amma mun biya wa wasu kwalabe. Haka nan “komai” ɗin nasu bai haɗa da hawan doki da babur ɗin ruwa da yawon kwale-kwale a lagun ba, kowanne da kuɗinsa. Duk mai niyyar zuwa ya sa a rubuto masa abin da ke ciki da abin da ba ya ciki kafin ya tura ko kwabo.

Safiyar Laraba ce ba zan manta ba. Ƙarfe huɗu da rabi idona ya buɗe kamar kullum. Na sauko da ƙafa ina laluben takalmi, raina yana jero abin da ke jirana: ruwan wanka, kunun Hajiya, abincin makaranta, wake da na jiƙa. Sai na ji rurin teku. Babu wake, babu kunu. Na zauna a bakin gado cikin duhu, hannuwana a kan cinya, ban san inda zan kai su ba. Na yi alwala na yi nafila a tsanake, na yi asuba, na zauna na karanta izu guda ba wanda ya kira ni, ba abin da ke ƙonewa a wuta. Rabon da in yi haka tun ina budurwa. Da gari ya waye na fita ni kaɗai na taka yashi mai sanyi, ƙananan ƙaguwoyi suna gudu suna shigewa ramuka. Na daɗe ina tafiya kafin na gane kuka nake yi, kuma ba na baƙin ciki ba.

Ina son gidana, ina son ciyar da iyalina, ba na neman a sauke min. Amma ban san nauyin abin ba sai da aka ɗaga min shi na kwana uku. A ganina wannan shi ne ainihin abin da ake saya a irin wannan wuri. Maigida ya huta, amma shi dama in ya dawo gida hutawa yake yi. Yara sun yi wasa, amma a ko'ina za su yi. Wadda tafiyar ta canza wa yini ita ce mai girki.

Hajiya kuwa zama ya gagare ta. Ana gama cin abinci za ta tattara faranti ta jera, ta share tebur da gefen hannu, tana waige-waigen inda ake wanke-wanke. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ɓarna. Mutum ya cika faranti ya yi tozo, ya ci loma biyar ya ture, ya tashi ya ɗebo wani, don an riga an biya. Ta kafa wa jikokinta doka: cokali biyu, in ka cinye ka ƙaro. “Kai ka biya kuɗi, shinkafar ba ta san ka biya ba. Hakkinta za a tambaye ka.” Ina bayanta a wannan ɗari bisa ɗari.

Matar da ke kwashe mana faranti ta kai sa'ata. Na yi mata sannu da aiki da Yarbanci, hira ta ɓarke. Daga ƙauyen da ke bayan katanga take, mijinta masunci ne, 'ya'yanta huɗu. Tun kafin asuba take girka na gida ta rufe, ta zo nan ta yini a tsaye, ta koma da dare ta ɗora wata tukunyar. Na fassara wa Hajiya. Ta yi shiru, sannan ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗin da ta ƙulla na tsaraba ta damƙa mata. Hutun da na samu, wata mace ce ta ɗauke min aikin a kan nata. Tun daga nan na daina barin faranti a warwatse, kuma duk wanda ya yi mana hidima mun sallame shi da hannunmu, ba mu bar wa akwatin ofis ba.

Yammacin Alhamis muka zauna ni da Hajiya a ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa. A Disamba rana tana faɗuwa ta kan ruwa, ja jawur cikin hazo, ana iya kallonta ido da ido. Can nesa manyan jiragen ruwa sun yi layi. Ba tare da ta dube ni ba ta ce, “Ina da shekara goma sha huɗu aka kai ni ɗaki. Washegari aka miƙa min muciya. In ban da haihuwa da ciwo da aikin Hajji, ban taɓa kwana uku ban tuƙa tuwo ba sai da ƙarfina ya ƙare.” Ta juya abin robar da ke hannunta. “Da na ce almubazzaranci ne, ban san abin da kika saya ba.” Shekara goma sha shida muna tare, ba ta taɓa yi min magana irin wannan ba.

Ranar Juma'a da sassafe masunta suka jawo taru a gefen katangar wurin. Maza sun fi ashirin a kan igiya, suna waƙa suna ja da baya taku ɗaya ɗaya, mata suna jira da robobi. Ɗan farina da ubansa suka naɗe wando suka kama igiyar, tafin hannunsu ya yi ja. Da tarun ya fito, kifi yana ta tsalle yana walƙiya, amma kusan rabin abin da ya kamo leda ce da robobin ruwa da silifas, masuntan suna tsincewa suna jefarwa gefe. Hajiya ta yi ciniki da yatsu, ba Hausa ba Yarbanci, ta cika mana kula da kifi a kan kuɗin da a kasuwar Agege ba zai ba ka rabinsa ba. Ta kuma sa Ummi ta cika mata gorar ruwa da ruwan teku ta ɗaure bakin da leda.

Komawa ta ci mana kusan awa biyar, don mun faɗa cunkoson Juma'a tun daga Sangotedo. Mun iso ana kiran magariba, kowa ya yi laushi. Na ajiye jaka na nufi kicin don kifin nan ba zai kwana ba a gyara ba. Hajiya ta kira ɗanta. “Kai, ɗauki wuƙa kai da yaron nan ku gyara kifin, ai sana'arka ce. A sayo burodi da shayi. Yau ma ba za ta hura wuta ba.” Ya ɗauki wuƙa.

Ta koma Funtuwa bayan sabuwar shekara, idon ya warke, abin robar yana hannunta ta hana a yanke. Makon jiya ta bugo min waya. Ta ce matan unguwa sun yi ta zuwa suna dangwalar ruwan gorar suna kai wa baki, saura kaɗan ya ƙare. Sannan ta ce in gaya wa Abban Ummi, baɗi in Allah ya kai mu da matar ƙaninsa za a tafi, ita ma shekararta goma sha ɗaya ke nan a gindin murhu, kuma in sa sunanta a adashin tun yanzu.